Tarun Baffa Bubayero

Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren Muhsina da Abdulmumin. Duk wanda ya san irin wuyar da aka sha kafin a sa wannan rana, ba zai yi mamakin ganin tana aiki tana murmushi ita kaɗai ba.

Ranar Laraba ce da safe. Ɗakin gwajin cututtukan kifi da take aiki a Gaya ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki biyu ne, da firij mai aiki da sola, da madubin duba ƙwayoyin cuta, sai ƙarnin da ko yini aka yi ana turaren wuta ba ya fita. Mako uku ke nan tarwaɗa tana mutuwa a kududdufan Ajingi, gyambo ya fito mata a jiki, ciki ya kumbura, gari ya waye a tarar da ita birjik a saman ruwa. Ƙungiyar masu kiwon kifi ta bi mambobinta gida-gida ta ɗebo kifi ta kawo a duba.

Aikin Muhsina ne ta farke kowane kifi, ta lakato ɗan abu daga ƙoda da bakin gyambo, ta shafa a faranti. Idan cutar ta tsiro, sai ta sake shuka ta, ta jera mata magunguna bakwai. Maganin da ya fi ƙarfinta, za a ga ya share kewayensa fes. Wanda ta raina kuwa, har kansa take hawa.

Ta ɗaga farantai biyu ta kara da hasken taga, sai ta ƙwala wa shugabarta kira.

“Dakta, zo ki gani! Lamba huɗu da lamba tara kamar an tsaga kara. Magani shida ba su taɓa su ba, ɗaya ne kaɗai ya ci.”

Dakta Larai ta gyara tabarau ta duba. Mace ce mai tsare gida, kuma dokarta ce kifi ba ya shigowa ɗakin nan da sunan mai shi, sai lamba. Takan ce idan mai gwaji ya san mai kifi, idonsa yakan fara ganin abin da zuciyarsa take so. Littafin sunaye yana kulle a durowarta, ba a buɗe shi sai aiki ya ƙare.

“Madalla,” in ji ta. “Wanne ya riga wanne kamuwa?”

“Lamba huɗu. Takardarsa ta ce mako shida da fara mutuwa, kuma an yi ta zuba magani barkatai. Lamba tara mako uku.”

“To daga huɗu ta tafi tara. Saura mu san me ya ɗauke ta.”

Dakta ta buɗe durowa ta ja littafin, ta bi layi da yatsa. Sai yatsan ya tsaya. Ta ɗago ta kalli Muhsina, ta sake kallon littafin, ta cire tabarau.

“Zauna, Muhsina.”

“Lafiya, Dakta?”

“Na ce ki zauna.”

Lamba tara, Alhaji Gwadabe na Ajingi, mahaifin Abdulmumin. Lamba huɗu, Malam Bubayero na Toranke, mahaifinta.

Ba ta buƙaci kowa ya faɗa mata abin da ya ɗauki cutar ba, don a gabanta aka ɗaure shi a bayan babur. Tarun Baffa ne, babbar ragar nan da ake ja a kwashe kifi, wadda babu kamarta a duk yankin.

Shekara biyu Alhaji Gwadabe ya yi yana ƙin auren nan. Shi ne ya taɓa cewa a gaban mutane, macen da take yini hannunta a cikin mushen kifi, da wane hannun za ta tuƙa wa ɗansa tuwo? Da ƙyar da siɗin goshi ya sauko. Bayan sa rana sai tarunsa ya yage, ya aiko neman aro, kuma wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a gidansu. Baffa bai yarda ya ba ɗan aike ba. Ya sa babbar rigarsa ya kai da kansa, ya dawo yana ba da labarin har fura Alhaji ya sa aka dama masa. Ranar Muhsina kasa cin abinci ta yi don murna.

Yanzu kududdufan Alhaji biyar cikin shida sun ƙare.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” shi ne kawai abin da take maimaitawa, hawaye yana ɗiga a kan farar rigar aikinta.

Dakta Larai ta dafa kafaɗarta. “Ni zan iya sa hannu a rahoton, ki fita daga ciki. Amma abin da faranti ya nuna ba zan canza ba. Gobe ƙungiya za ta zauna a Ajingi. Kafin nan ina son sunan duk wanda tarun nan ya shiga ruwansa, kuma mahaifinki kaɗai ya san su.”

* * *

Da azahar Abdulmumin ya zo, kamar yadda ya saba tun da aka kawo kifin. Shi yake kula da kududdufan mahaifinsa, kuma mako ukun nan sun zabge shi, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kafe babur a gindin darbejiya, ya yi ƙoƙarin murmushi.

“Likitar kifi, yau dai akwai labari?”

Ta fito ta tsaya nesa kaɗan, tana murza bakin hijabinta. Da ya ga idonta, murmushin ya ɗauke.

Ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba.

Ya koma ya zauna a kan babur ɗin.

“Kin tabbata?”

“Sau biyu na shuka, Yaya Mumin.”

“Wa ya sani?”

“Ni da Dakta. Sai kai.”

Ya sauke ajiyar zuciya, ya matso. “To alhamdulillahi. Muhsina, saurare ni da kyau. Ku rubuta sunan cutar, ku rubuta maganinta, shi ke nan. Wa ya ce dole sai an faɗi inda ta fito? Baffa ya janye tarunsa ya wanke a ɓoye, magana ta mutu.”

“Waɗanda ya riga ya shiga kududdufinsu fa?”

“Allah zai tsare.”

“Allah yana tsarewa, amma ai ya nuna mana. Daga gidanku tarun ya wuce wajen wasu. Kifinsu yana ɗauke da ita yanzu haka ba su sani ba. Idan an fara musu maganin da ya dace a makon nan za su tsira da rabi. Idan muka yi shiru, abin da ya same ku zai same su. Ta yaya zan ce wa mutum ya killace ruwansa ban faɗa masa dalili ba?”

“Ni fa? Ni ba mutum ba ne?” in ji shi. “Kin san me nake gani a gidan nan? Tun da kifin nan ya fara mutuwa Alhaji bai amsa gaisuwata ba. Cewa yake hankalina yana Gaya, na bar masa dukiya ta ruɓe. Na haɗiye, na ce ba komai, saura kwana kaɗan. Shekara biyu ina durƙusa masa a kanki. Kawunnaina, limamin unguwa, babu wanda ban kai masa ba. Sai yanzu da muka ga bakin ƙofa za ki rufe ta da hannunki?”

“Kana tsammanin daɗi nake ji?” Kuka ya ƙwace mata. “Ubana ne fa, Yaya Mumin! Sunan ubana za a karanta a gaban mutane. Wallahi da hannuna za a ce in yanke a bar maganar nan, da na miƙa.”

“To ki bar ta.”

“Ba tawa ba ce da zan bari.”

Ya sunkuyar da kai, ya share ido da bayan hannu, abin da ba ta taɓa gani ya yi ba.

“Na san Alhaji. Asarar kifi zai iya mantawa. Amma ya ji cewa mutumin da ya dama wa fura ya kawo masa taru alhali kifinsa yana mutuwa, kuma bai faɗa ba, wallahi ko bayan ransa ba zai yafe ba. Ki tausaya min, Muhsina. Layi ɗaya ne kawai za ki cire.”

Ta buɗe baki ta ce to. Wallahi har kalmar ta zo kan harshenta, don son da take yi masa ba na wasa ba ne. Sai ta tuno farantin nan, yadda cutar ta hau kan magani shida ta yi zamanta.

“Ka yafe min,” ta ce.

Ya tayar da babur, sau uku yana bugawa kafin ya kama, ya tafi ko waiwaye babu.

* * *

La'asar sakaliya motar Ajingi ta sauke ta, ta hau ɗan acaɓa zuwa Toranke. Tun daga ƙofar gida ta gane babur ɗin da yake jingine a zaure, ranta ya ƙara ɓaci.

Hafizu ne, mai shagon abincin kifi da magani a kasuwar Ajingi. Ɗan ƙawar mahaifiyarta Inna Hanne ne, kuma shekara uku yana neman Muhsina tana kaucewa. Mutum ne mai fara'a da yawan turare, irin waɗanda ko gaisuwar mutuwa suka je sai sun tallata hajarsu. Ko da aka sa ranarta bai daina zuwa gaishe da Inna ba.

“A'a, manyan likitoci!” in ji shi. “An ce gobe za ku fasa mana ƙwai.”

“Kai ka sayar wa Baffa magani?”

Fara'ar ta ɗan ragu. “Ya zo ya ce kifi ba lafiya, na taimaka masa.”

“Kala nawa?”

“To, wannan bai yi ba, a gwada wancan. Ai haka kowa yake yi.”

“Ba gwaji, ba awo. Ka yi ta ba cutar magani kaɗan-kaɗan har ta saba da shi. Ka san abin da ka raina a kududdufin nan kuwa?”

Hafizu ya miƙe yana gyara hula, ya rage murya. “Ki yi a hankali, Muhsina. Ki bar maganar magani, ni ma in bar abin da na sani. Idan kuma mutanen Ajingi suka juya miki baya, kin san ƙofata ba ta taɓa rufuwa ba. Ni ƙarnin kifi ba ya damuna.”

“Allah ya kiyaye hanya,” ta ce, ta wuce ciki.

Inna Hanne tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta ji bayani, rariyar ta suɓuce daga hannunta, gari ya watse.

“Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Ubanki za ki tona wa asiri a bainar jama'a? Ga akwatuna can a ɗaki, an raba goro, dangi na Gafasa har sun ɗinka anko. Wane ido za mu ɗaga mu kalli mutane da shi? Wannan wane irin karatu ne da ba ya rufa wa iyaye asiri?”

“Inna, wasu ne za su yi asara.”

“Su wasun ne suka haife ki?” Inna ta fashe da kuka. “Tun farko na ce a bar ki ki yi malanta kamar 'ya'yan kowa, aka ce a'a, sai kifi. To ga kifin nan zai cinye miki aure.”

Gyaran murya suka ji daga bakin turaka. Baffa Bubayero yana tsaye da buta a hannu, ashe ya ji komai.

Dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Shekara goma sha biyar da suka wuce ciwon huhu ya shiga garkensa, shanu suka yi ta faɗuwa yana kallo, bai san abin da yake kashe su ba. Bijimin da ya rage shi ya sayar ya haƙa kududdufi biyu a fadama, ya sayo tarun nan daga masuntan Haɗeja. Shi ya tsaya kai da fata Muhsina ta karanci ilimin kifi. Kuma da yake ita ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunanta ba, kunyar Fulani ta hana. Ko a takardar makaranta sai dai ya nuna da yatsa.

Ya zauna a kan tabarma. Ta durƙusa can gefe, kanta a ƙasa.

“Tarun ne?” ya tambaya.

“Shi ne, Baffa.”

“Ai na ɗauraye shi.”

“A ruwan kududdufin, Baffa. Kuma a jiƙe aka naɗe shi. Da an jiƙa shi a ruwan magani, an shanya kwana uku a rana...” Ta ɗago kai. “Baffa, me ya sa ba ka faɗa min kifinka yana mutuwa ba? Aikina ke nan fa. Kullum nan nake kwana.”

Ya ajiye butar a gefensa.

“Ana shirin bikinki. Na ce kada in ɗora miki damuwa. Da mutuwar ta lafa, na ɗauka ta wuce. Sai ga aiken Alhaji.” Ya girgiza kai. “Mutumin da zai karɓi 'yarka ya roƙe ka abu karo na farko, ka ce masa a'a? Ko ka ce masa gidanka akwai cuta? Bakina bai iya ba.”

Haka Baffa yake. Ba ya ƙarya, shi ya sa da mutanen ƙungiya suka tambaye shi ya faɗa musu mako shida. Amma idan ba a tambaya ba, zai iya mutuwa da magana a ciki. Wannan shirun da ake yabonsa da shi a Toranke, shi ne yau ya kashe kududdufi biyar.

“Malam, ka hana ta,” in ji Inna tana jan majina. “Kai kaɗai take jin maganarka.”

Muhsina ta runtse ido. Ta sani sarai, idan Baffa ya ce ta bari, ba ta da ƙarfin da za ta musa masa.

“Ɗauko takarda,” ya ce.

Ya lissafo mata mutum uku da tarun ya shiga ruwansu bayan Alhaji, da ranakun. Sannan ya ce ranar Asabar ɗin nan an yi alkawarin kai shi Gafasa, wajen wasu mata da suka haɗa kai suka haƙa kududdufi, wannan ne kwasarsu ta farko.

“Kira su yanzu,” in ji shi. “Lokacin da shanuna suke faɗuwa, maƙwabcina ya san daga garkensa ne, ya yi shiru. Na yafe masa, amma ban manta ba.”

* * *

Washegari da hantsi aka taru a wata rumfa a Ajingi, maza sun fi talatin. Alhaji Gwadabe yana gaba a kan kujera, Abdulmumin yana tsaye a bayansa, idonsa a ƙasa. Hafizu ya raɓe can kusa da ƙofa.

A mota Dakta Larai ta sake cewa Muhsina ta yi zamanta, ita za ta karanta. Muhsina ta ce a'a. Ta riga ta sa hannu.

Ta miƙe da takardar. Yarinyar da ko inuwar surukinta ta hango takan sauya hanya, yau ita ce tsaye a gabansa tana magana. Ta faɗi cutar, ta faɗi maganin da ya rage yana ci, ta gargaɗe su a kan zuba magani ba gwaji. Wasu suka waiwaya suna neman Hafizu, sai wurin tsayuwarsa.

Sannan ta zo layin ƙarshe.

“Cutar ta fara ne a kududdufi mai lamba huɗu. Taru ne ya ɗauke ta zuwa lamba tara.”

“Yarinya, bar mu da lamba,” in ji Alhaji Gwadabe. “Ni ne tara, kowa ya sani. Wane ne huɗu?”

Kafin ta haɗa kalma, Baffa ya miƙe daga can baya.

“Ni ne, Alhaji. Kifina ya yi mako uku yana mutuwa kafin in kawo maka tarun. Ban san taru yana ɗaukar cuta ba, amma na san gidana ba lafiya, kuma ban faɗa maka ba. Laifina ne ni kaɗai.” Ya ɗan tsaya, ya haɗiyi yawu. “Muhsina ba ta sani ba sai jiya. Muhsina ba ta da laifi.”

Shekararta ashirin da biyar a duniya, yau ta fara jin sunanta a bakin mahaifinta. Ta toshe baki da takardar, kuka ya zo mata babu shiri.

Alhaji Gwadabe ya miƙe a hankali, ya kaɗe babbar riga.

“Malam Bubayero, na zaunar da kai a zaurena. Na sa an dama maka fura. Ka sha, ka kalli idona, ka yi min addu'ar albarka, alhali ka san abin da ka baro a gida.” Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo. “Mako uku ina zagin ɗana a kan laifin da ba nasa ba.”

“Alhaji, a yi haƙuri,” mutane suka fara cewa. “Kuskure ne. Ƙaddara ce.”

“Na yarda da ƙaddara. Abin da ban yarda da shi ba, in haɗa jini da gidan da ake ɓoye min cuta.” Ya juya. “Abdulmumin, wuce mu tafi.”

Abdulmumin ya ɗago, idonsa ya haɗu da nata, jajur. Ta jira ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Ya bi bayan mahaifinsa.

* * *

Mutum ukun nan an fara musu magani a ranar. Matan Gafasa suka aiko da godiya da ƙwaryar ƙwai, Inna ta ƙi ko kallonta. Tarun kuwa Baffa ya shimfiɗa shi a bayan gida, ya yini a zaune yana kallonsa a rana. Hafizu ya aiko da gaisuwa sau biyu, kuma Inna ta fara cewa yaron nan dai duk abin da aka ce, bai taɓa gudunsu ba.

Daga gidan Alhaji shiru. Muhsina ta kira Abdulmumin har ta gaji, wayar a kashe.

Ranar Litinin da safe tana wanke farantai ta ji ƙarar babur ɗin da ko a cikin dubu za ta gane. Ta fito da gudu, hannunta duk kumfa.

Yana tsaye da bokiti mai murfi. Ya ajiye shi a tsakaninsu. A ciki tarwaɗa uku ne masu rai, ɗaya da ɗan jan tabo a gefen wutsiya.

“Daga kududdufi na shida ne,” ya ce. “Shi kaɗai ya rage mana. Alhaji ne ya aiko ni.”

“Alhaji?” Wani sanyi ya fara ratsa ta, har ta kusa yin murmushi.

“Ya ce kada in ba kowa sai ke. Ya ce ko Dakta bai yarda ta taɓa ba. Wai wadda ba ta rufa wa ubanta ba, ba za ta yi masa ƙarya ba.”

“Yaya Mumin, ke nan ya huce?”

Ya kawar da kai yana kallon darbejiya.

“Ya ce daga yau duk kifinsa ke za ki riƙa dubawa.” Ya sunkuyar da kai. “Amma gobe Gwaggo Barira za ta je Toranke ta ɗauko akwatuna.”

Ta dafa bango. Kumfar hannunta ta bar shaida a jikin siminti.

“Kai fa? Kai me ka ce?”

“Na durƙusa tun asuba har rana ta fito. Ya ce in na sake ambatar maganar, in nemi wani uban.” Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. “Na faɗa miki, Muhsina. Layi ɗaya na roƙe ki.”

“Na sani.”

“Da za a mayar da ranar Laraba, za ki cire?”

Ta so ta ce e. Ta san ita ce kalmar da ya zo nema tun daga Ajingi, kuma ba za ta gyara komai ba, sai dai ta ba shi abin riƙewa. Ta kalle shi, ta kalli kifin da yake juyi a cikin bokiti.

“A'a,” ta ce, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama ya sani.

Ta sunkuya ta ɗauki bokitin. Ya yi mata nauyi, amma ba ta bari ya kama mata ba.

“Ka ce wa Alhaji kada a ba su abinci yau, kada a zuba komai a ruwan. Jibi za ka ji sakamako.”

Ta shiga ciki ta tura ƙofa da ƙafa. Dakta Larai ta ɗago ta bi ta da kallo. Muhsina ta ɗauki alƙalami ta rubuta lamba goma sha huɗu a jikin bokitin. Ta sa safar hannu, ta jawo wuƙa.

Sai da ta goge idonta da kafaɗa sau uku kafin ta iya ganin inda za ta yanka. A waje kuwa, har yanzu ba ta ji an tayar da babur ba.